Yadda Gishiri da Sukari Suka Ceci Rayuka

Abin da ke kashe mai ciwon kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki. A dā maganin kawai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, wanda talaka bai cika samu ba. Ko an ba mara lafiya ruwan gishiri ya sha, hanjinsa ba ya karɓa sosai.

A shekara ta 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a ƙaramin hanji gishiri da sukari tare suke ratsawa zuwa cikin jini. In sun ratsa, ruwa yakan bi su. Daga baya aka gane kwalara ba ta rufe wannan ƙofa.

A 1971 yaƙin Bangaladesh ya kori mutane zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansaninsu na Bangaon, ruwan jijiya kuma ya ƙare. Sai Likita Dilip Mahalanabis ya sa dangi su riƙa shayar da majinyata ruwan gishiri da sukari. A dā kusan 30 cikin 100 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

Mai karatu, ruwan nan da ake ba yaro mai zawo, kada ka rena shi.