Ɓeran da Aka Hana Barci: Ci Ya Ƙaru, Naci Ya Ragu

Ka taɓa lura cewa ranar da ka kwana ba ka runtsa ba, washegari kayan zaƙi da na maiƙo ranka ke so? Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan a jikin ɓeraye, kuma amsar ba ta zo a miƙe ba.

Labarin ya faro a 1954 a Jami'ar McGill ta Kanada. James Olds da Peter Milner sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da madanni. Duk dannawa ɗaya, ɗan lantarki zai taɓa sashen jin daɗi. Sai ɓeran ya riƙa dannawa ba ji ba gani. Ka ga an samu ma'auni ke nan: yawan dannawa shi ne yawan so.

Saura dabarar hana barci. A shekarun 1960, ɗakin binciken Michel Jouvet a Faransa ya riƙa ɗora dabba kan ɗan dandamali da ruwa ya kewaye. Da ta shiga barcin mafarki, jiki ya saki, sai ta taɓa ruwa ta farka. A 1972, Steiner da Ellman suka hana ɓeraye wannan barcin, sai dannawarsu ta ƙaru, kuma lantarki ƙalilan ya ishe su. A shekarun 1980 kuma, Allan Rechtschaffen a Amurka ya ga ɓerayen da aka hana barci gaba ɗaya suna ci fiye da ƙima, amma suna ramewa, har suka mutu cikin makonni.

To, ko rashin barci kwaɗayi yake ƙarawa? Dakata tukuna. A 2005, Erin Hanlon da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin suka sa ɓeraye yin aiki kafin su samu ƙwayar sukari, farashin na hauhawa bayan kowace ƙwaya. Waɗanda aka hana barcin mafarki su suka riga haƙura.

Wato in abinci na gabansa, ɓera zai ci da yawa. In sai ya yi wahala, nacinsa ya ragu. Sai dai ka riƙe wannan: zama kan dandamali cikin ruwa shi kansa takura ne, don haka har gobe masana na ƙoƙarin tantance abin da rashin barci ya jawo da abin da wahalar gwajin ta jawo.