Sabunta Audacity: wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya dakata?

A unguwannin Hausawa na Kudu, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, har kasuwar shanu ta Lokpanta a jihar Abiya, da wuya ka rasa matashin da aka ɗora wa aikin ɗaukar murya. Wani karatun malam yake ɗauka bayan magariba, wani tafsirin azumi, wani sanarwar shugabannin kasuwa, wani kuma talla ko waƙar biki. Ni ma ina cikinsu. Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nake ɗaukar karatun masallacin unguwarmu da sanarwar kara, in gyara a laftof, in tura wa mutane ta WhatsApp.

Manhajar da nake aiki da ita Audacity ce, kuma tambayar da 'yan'uwa suka fi yi min a kanta ita ce: "Ta nuna min wai sabuwar siga ta fito, in sabunta ko in bari?" Amsata a taƙaice: sabuntawar tana da amfani ga mafi yawan mutane, amma ƙofa ce da ake shiga ba a cika dawowa ba. Saboda haka lokacin da ka yi ta, da shirin da ka yi kafin ta, su ne abin lura. A kara ba a sayen sa don kyan ƙaho, baki ake buɗewa a duba haƙori. To bari mu buɗe bakin wannan.

Mece ce Audacity?

Manhaja ce ta ɗaukar sauti da gyara shi a kwamfuta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000. Kyauta ce, babu kuɗin saye babu kuɗin wata, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux ko babu intanet. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta, daga nan sababbin sigogi suka riƙa fitowa kusa da kusa. Ka lura, masu ita ba su yi ta don wayar Android ba. Idan ka ga wata mai wannan suna a waya, ba tasu ba ce.

Babban canjin: yadda ake adana aiki

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci, don haka ka natsu a nan.

A tsofaffin sigogi, har zuwa 2.4.2 ta shekarar 2020, idan ka adana aiki abu biyu kake samu: ɗan ƙaramin fayil mai .aup a ƙarshen sunansa, da folda mai _data a ƙarshen sunanta, cike da gutsattsarin sauti masu ɗimbin yawa. Muryar tana cikin foldar nan, shi ƙaramin fayil ɗin jagora ne kawai. Shi ya sa idan mutum ya kwafi .aup shi kaɗai ya kai wa abokinsa, sai a buɗe a tarar babu komai. Idan kuma ya goge foldar yana zaton shara ce, karatun ya tafi ke nan.

Siga ta 3.0 da ta fito a watan Maris na 2021 ta haɗe komai cikin fayil ɗaya mai .aup3. Wannan gyara ne na gaske, ya kashe waccan matsalar. Sai dai ya zo da sharuɗɗa guda huɗu:

Na farko, sabuwar tana buɗe tsohon aiki na .aup ta mayar da shi .aup3, amma tsohuwar ba ta san .aup3 ba sam. Ko a tsakanin sigogin 3 ɗin ma, aikin da aka adana da sabuwa yakan ƙi buɗuwa a wadda ta girme ta.

Na biyu, ba ta yarda ta adana aiki a filash ko memori mai tsarin FAT32, domin wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Ƙananan filash da yawa da wannan tsarin suke zuwa daga kanti.

Na uku, yayin da aiki yake buɗe za ka ga wasu fayiloli biyu kusa da shi, masu -wal da -shm a ƙarshe. Kar ka goge su, kar kuma ka kwafi aikin a lokacin. Rufe manhajar tukuna, za su ɓace da kansu.

Na huɗu, tunda komai yana cikin fayil ɗaya, idan ya lalace duka ne ke cikin haɗari. Ga mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, kuma batiran laftof ɗinmu sun gaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin wuri

A tsarin da Audacity take zuwa da shi, minti ɗaya na murya a layi ɗaya yana cin kusan megabait 10 da rabi. Awa ɗaya kusan megabait 635 ke nan. Tafsirin awa biyu ya haura gigabait 1 da kwata, idan kuma a layi biyu na hagu da dama ka ɗauka, ninka shi. Wanda zai ɗauki kwana 30 na azumi a layi ɗaya yana bukatar wajen gigabait 38, tun bai fara gyara ba, kuma kowane gyara yana ƙara wa fayil ɗin nauyi. Shi ya sa nake ce wa masu ɗaukar karatu: malam baki ɗaya gare shi, makirfo ɗaya ne, ku ɗauka a layi ɗaya. Idan kun zo fitarwa a MP3, lamba 64 ta wadatar ga magana, awa ɗaya ba ta kai megabait 30 ba, datar mai sauraro ta huta.

Me sababbin sigogi suka ƙara?

3.1, ƙarshen 2021: idan ka datse gefen murya, abin da ka datse yana nan a ɓoye, kana iya jawo shi ya dawo ko bayan ka rufe aikin. Ga mai yanke tari da dogon shiru a cikin karatu, wannan kaɗai ya isa dalilin sabuntawa.

3.2, Satumba 2022: kana iya ɗora wa murya gyara kana ji kai tsaye, ka ƙara ka rage, ka cire shi gaba ɗaya, asalin muryar ba ta taɓu ba. A da, da zarar ka shafa gyara ka adana ka rufe, ya zauna ke nan.

3.4, Nuwamba 2023: an sake tagar fitar da sauti, an kawo miƙa ko matse murya ba tare da ta koma siririya ko ƙatuwa ba, kuma ta fara karanta fayil na Opus da kanta. Saƙon murya na WhatsApp a tsarin Opus yake, don haka idan shugaban kasuwa ya turo sanarwa ta waya, kana iya jefa ta ciki ka gyara.

3.5 da 3.6, shekarar 2024: adana aiki a intanet a shafin audio.com, gane saurin kiɗa, da sabon abin daidaita ƙarfin murya don kada wani wuri ya yi ƙasa wani ya fashe. Adanawa a intanet tana cin data sosai, ka tuna lissafin da muka yi a sama.

Akwai kuma abubuwan da tsohuwar ma tana da su, kar wani ya ruɗe ka da su. Abin rage hayaniyar janareta da fanka, wanda za ka gani an rubuta Noise Reduction, yana nan tun da daɗewa. Fitar da MP3 ba tare da saka wani ƙari ba ya fara ne tun 2.3.2 a 2019. Kuma babu sigar da za ta gyara muryar da aka ɗauka makirfo yana nesa da baki ko yana fuskantar lasifika. Idan sautinka ba ya fita da kyau, fara duba makirfo da wayarsa da inda ka ajiye shi kafin ka zargi manhaja.

Maganar leƙen asiri

Wasu har yanzu suna tsoron sabuwar saboda hayaniyar da aka yi a 2021. Abin da ya faru shi ne, bayan Muse Group ya karɓa, an kawo shawarar tattara bayanan yadda mutane ke amfani da manhajar, sannan aka fitar da wata sanarwa kan bayanan sirri da ta tayar da ƙura. Masu amfani suka yi ca, kamfanin ya janye shawarar ya kuma gyara sanarwar. Wasu ma suka ɓalle suka yi tasu mai suna Tenacity. Tana leƙa intanet ta duba ko sabuwa ta fito, kuma kana iya kashe wannan a saiti. Rahoton matsala kuwa sai ta tambaye ka kafin ta aika.

Wa ya kamata ya sabunta?

Ka sabunta idan kwamfutarka tana kan Windows 10 ko 11 kuma kana da wuri a cikinta, idan kana yawan yanka da haɗa murya, idan ana turo maka saƙonnin WhatsApp don gyara, ko idan abokin aikinka ya riga ya koma sabuwar yana turo maka .aup3.

Ka dakata idan tsohuwar kwamfuta gare ka mai Windows 7, domin sababbin sigogi don Windows 10 da 11 ake yin su. Ka dakata idan aikinka ɗauka ne da rage hayaniya da fitar da MP3, kuma komai yana tafiya lafiya. A irin wannan, da tsohuwar zuma ake magani. Ka dakata kuma idan ka dogara da wani tsohon ƙarin gyaran murya, domin tun 3.0.3 aka fara yin sigar Windows mai 64-bit, kuma ƙarin da aka yi wa 32-bit ba ya aiki a cikinta. Haka ma FFmpeg, ƙarin da ke buɗe fayilolin M4A da AMR na rikodar waya, sai ka saka wanda ya dace da sabuwar.

Sannan duk wanda yake tsakiyar aiki ya dakata. Idan azumi ya kama ka fara ɗaukar tafsiri, ka bar sabuntawa sai bayan sallah. Karatun daren 17 ba a maimaita maka shi don manhaja ta ƙi buɗewa.

Idan ka yanke shawarar sabuntawa

1. Ka gama duk aikin da ke hannunka.
2. Kowane aiki mai muhimmanci ka fitar da shi a WAV, ka kwafa a wani wuri daban da kwamfutar. WAV kowace manhaja tana buɗe shi, yau da gobe.
3. Tsofaffin ayyuka ka kwafe su tare da foldarsu ta _data, kar ka raba su.
4. Ka ajiye fayil ɗin da ka saka tsohuwar sigar da shi, ko za ka so komawa.
5. Ka sauke daga audacityteam.org kawai. Girmanta bai kai megabait 50 ba. Wanda ya ce ka biya kuɗin "lasisin" Audacity, damfara ce.
6. Ka yi gwajin minti biyar da makirfonka, ka rage hayaniya, ka fitar da MP3, ka saurara a waya, kafin ka je gaban malam ko taro.
7. Idan ku biyu ko uku ne kuke aiki tare, ku sabunta rana ɗaya, siga ɗaya.

Ƙarin shawara: duk lokacin da babbar lamba ta canja, kamar daga 2 zuwa 3, kar ka zama na farko. Yawanci ƙananan gyare-gyare kan biyo baya don toshe kurakuran da aka gano. Ka ba ta 'yan makonni.

Masu wasu manhajojin fa?

Ma'aunin ɗaya ne, sai dai a nan kuɗi ya shigo. FL Studio, idan ka saya ta halal, sabuntawa kyauta ce har abada. Cubase ana biyan kuɗi idan za a hau babbar siga ta gaba. Adobe Audition, wadda asalinta Cool Edit ce kafin Adobe su saye ta a 2003, yanzu haya ake yi wata-wata. Wanda aka saka wa ta bayan fage a shago ya sani cewa irin waɗannan sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Idan dai magana kake ɗauka ba kiɗa ba, ta kyautar ta ishe ka.

Kafin ka danna maɓallin sabuntawa, ka tambayi kanka abu uku: wace matsala ce sabuwar za ta warware min, kwamfutata za ta iya ɗauka, kuma ina da WAV na ayyukana a wani wuri? Idan ka samu amsar duka ukun, bismillah. Idan ɗaya ta gagara, ka jinkirta, babu abin da zai wuce ka. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu a inda muke zaune.