Ilimin zaman iyali ga matasa: yadda ake tafiyar da shi a yankin Funtuwa da Malumfashi

Shekaru fiye da 20 ke nan ana taƙaddama a Nijeriya game da wanda ya kamata ya yi wa matasa bayani kan balaga, da lafiyar jikinsu, da kuma cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa.

A arewacin ƙasar, inda kunya ke da matsayi babba a tarbiyya, shirye-shiryen da suka ɗore su ne waɗanda suka bi ta hannun iyaye da malamai da sarakuna. Garuruwan Funtuwa da Malumfashi, a kudancin jihar Katsina, suna nuna dalilin haka.

Yanayin yankin

Funtuwa da Malumfashi garuruwa ne da suka bunƙasa da noman auduga da masara da dawa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa tun shekarun 1920, kuma a tsakiyar shekarun 1970 garin ya zama ɗaya daga cikin wurare uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa shirin bunƙasa aikin gona, tare da Gusau da Gombe.

Funtuwa mahaɗar hanyoyi ce, inda motocin da ke zuwa Zariya da Gusau da Sakkwato da Birnin Gwari ke haɗuwa. A shekarar 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a garin.

Wannan zirga-zirga tana jawo samari masu dako da acaba da aikin tasha, da 'yan mata masu talla. Haka nan hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun sa iyalai da dama ƙaura zuwa cikin gari.

Saboda haka matasan da ake magana a kansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗalibin sakandare, da almajiri, da yaron shago, da kuma yarinyar da aka aurar tana da shekara 15 ko 16.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 29 cikin 100.

Akasarin waɗannan 'yan mata matan aure ne. Wannan ya bambanta arewa da wuraren da aka fara tsara irin waɗannan shirye-shirye, inda abin da aka fi damuwa da shi shi ne ciki ba tare da aure ba. A nan babbar barazanar ita ce doguwar naƙuda a gida, da jijjiga, da zubar jini, da yoyon fitsari.

Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holand, Dokta Kees Waaldijk, ya fara yi wa masu yoyon fitsari tiyata a shekarun 1980, ya zama cibiyar ƙasa ta kula da wannan lalura.

Dangane da ƙanjamau kuwa, an ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya a 1986. Gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna cutar ta kai kashi 5.8 cikin 100 a 2001. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya samu kashi 1.4 cikin 100 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49.

Asalin manhajar makarantu

Bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a birnin Alƙahira a 1994, Nijeriya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar matasa a 1995.

A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da darasin cikin makarantu. Hukumar tsara manhajoji ta ƙasa, NERDC, ta rubuta manhajar tare da ƙungiyar Action Health Incorporated ta Legas.

Sai dai manhajar ta gamu da suka daga shugabannin Musulmi da na Kirista, waɗanda suka ce za ta buɗe wa yara ido. Aka sake duba ta, aka cire wasu batutuwa, aka ƙarfafa batun kame kai, sannan a 2003 aka sauya mata suna zuwa Ilimin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, wato FLHE a taƙaice.

An ba jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. Ba a mayar da ita darasi mai zaman kansa ba, an cusa ta ne cikin wasu darussa kamar kimiyya da nazarin zamantakewa. Don haka koyar da ita ya dogara ne ga horon da malami ya samu, da kuma ko zai iya buɗe baki ya yi maganar a gaban aji.

A watan Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci NERDC ta cire darasin jima'i daga manhajar ilimin matakin farko, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Ƙungiyoyin kula da lafiyar matasa sun soki matakin, wasu iyaye kuma suka yi na'am da shi.

Waɗanda ke da hannu a aikin

A gari kamar Funtuwa ko Malumfashi, aikin ya rarrabu tsakanin ɓangarori da dama. Makarantu suna ƙarƙashin hukumomin ilimi, asibitocin sha-ka-tafi suna ƙarƙashin hukumar kiwon lafiya matakin farko, yayin da batun ƙanjamau ke hannun hukumar jiha da ke aiki da hukumar NACA ta tarayya.

A matakin gunduma akwai kwamitocin raya mazaɓu, waɗanda suka ƙunshi dagatai da masu unguwanni da limamai da wakilan mata. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, wadda aka kafa a 1985.

Aikin mai daidaita shirin shi ne ya sa waɗannan ɓangarori su yi magana da murya ɗaya. Idan malamin makaranta ya ce wa yaro ya je asibiti, amma ma'aikacin asibiti ya tarbe shi da faɗa ko ya tona masa asiri, yaron zai koma wajen mai kemis ko mai tallar magani a tasha. A can ne ake sayar wa matasa 'yan ƙwayoyin da ba su isa kashe ciwon sanyi ba, abin da ke sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Darasin rigakafin shan inna

Ma'aikatan lafiya a arewa sukan yi nuni da abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi bisa zargin tana hana haihuwa. Tunawa da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ya ƙara wa zargin ƙarfi.

Al'amura sun gyaru sosai bayan da aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a 2009, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka kuma ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida.

Abin da aka koya shi ne, duk maganar da ta shafi haihuwa, idan ta zo daga bakin baƙo, za a yi mata kallon makirci. Wannan ya sake tasowa lokacin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa a watan Oktoban 2023.

Ƙofar da Islamiyya ta buɗe

Batun balaga ba baƙo ba ne a karatun addini. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure da Islamiyya, irin su Ahlari da Risala, sun yi bayanin jinin haila da na biƙi da wankan janaba.

Abin da ya rage shi ne ɓangaren lafiya: yadda ake ɗaukar cuta, alamominta, da inda ake samun magani.

Ƙungiyar AHIP, wadda Hajiya Mairo Bello ta assasa a Kano, ta bi wannan hanya, inda ta haɗa koyar da sana'a da bayanin lafiya, ta kuma horas da limamai da malaman Islamiyya. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata takan tara 'yan mata rukuni-rukuni a hannun wata mace da iyaye suka yarda da ita, ana koya musu karatu da lissafi tare da kula da kai.

Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya ɗauki irin wannan tsari a makarantun sakandare.

Samari ma suna da nasu ruɗanin. A wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar girma ga yaro, alhali tsargiya ce da ake ɗauka a ruwan tafki da madatsai. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi nazarin wannan cuta a yankin Malumfashi tun shekarun 1970, kuma tana da magani mai sauƙi.

Matsalolin da suka rage

Ta farko ita ce matasan da ba sa makaranta, waɗanda manhaja ba ta isa gare su. Su sai ta rediyo, da ƙungiyoyin 'yan acaba da direbobi, da kuma iyayen gidansu a wurin sana'a.

Ta biyu ita ce rashin tsaro. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, a watan Disamban 2020, an rufe makarantun kwana a jihar na wani lokaci, kuma darasin da ba a jarrabawa a kansa shi ake fara yadawa.

Ta uku ita ce kuɗi. Kaso mai yawa na aikin yaƙi da ƙanjamau ya dogara ne ga tallafin waje, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003, kuma dakatar da agajin Amurka a farkon 2025 ya girgiza ƙungiyoyi da dama.

A halin da ake ciki kuma wayar salula ta shiga hannun matasa, tare da masu tallar magungunan ƙarin kuzari da hotunan batsa. Matashin da iyayensa da malamansa suka ji nauyin yi wa bayani, a wayarsa yake neman amsa.