Hauhawar Ƙarfi a Dokokin Dungeons & Dragons: Shin Alƙalin Wasa Ya Isa Magani?

Dungeons & Dragons wasa ne da ake yi a zaune, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, mayaƙi ko matsafi, alƙalin wasa yana jan labari, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma ita ke raba gardama.

Hauhawar ƙarfi ita ce sabon littafin dokoki ya zo da jarumin da ya fi na tsohon littafi. Littafin Unearthed Arcana na 1985 ya kawo barde wanda ƙarfin jikinsa ke ƙaruwa duk sa'ad da ya hau mataki, abin da tsohon mayaƙi bai samu ba. Bugu na biyar na wasan, na 2014, ya yi wa lambobi linzami, inda makin ƙwarewa ke farawa daga 2 ya tsaya a 6. Duk da haka an yi ta ƙorafi a kan wasu jaruman littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020.

Masu kare waɗannan littattafai suna cewa babu matsala, tunda alƙali na da ikon hana duk dokar da ta wuce gona da iri. Hujjar tana da rauni. Cewa alƙali zai gyara doka amincewa ce da cewa dokar a karkace take. Sannan ba kowane alƙali ne gwani ba, sabon shiga yakan ɗauki abin da aka buga a matsayin hukunci. In ma ya gane, ƙara wa dodanni ƙarfi don su ja da jarumi ɗaya yakan hallaka sauran. A wasan dara kuwa, kowa da 'ya'yansa 12 a gurbi 30, adalcin yana cikin tsarin tun kafin a zauna.

Masu kare littattafan suna kuma cewa wasan na haɗin kai ne, ba gasa ba. Gaskiya ne, sai dai wanda jaruminsa ya zama ɗan kallo bai yi wasa ba.

Zargin cewa da gangan kamfanin da ke buga wasan, Wizards of the Coast, ke yin haka don littafi ya shiga kasuwa yana buƙatar hujjar da dokokin kaɗai ba za su bayar ba. Abin da suke nunawa shi ne wasu sababbin jarumai sun shafe tsofaffi, kuma gyaran wannan yana wuyan marubucin doka, ba alƙali ba.