Daga yaƙin Firhun zuwa yunwar 1931: wata hanyar rarraba zamunnan tarihin Kurfai

Gabatarwa

Littattafan da muke koyar da tarihin Nijar da su sun saba yanka lokaci bisa ga shekarun da suka zo mana daga Turai: shigowar Nasara, yaƙin duniya na farko daga 1914 zuwa 1918, yaƙi na biyu daga 1939 zuwa 1945, sannan mulkin kai a 1960. Wannan rabo yana da amfaninsa, amma idan muka tsaya a Filinge muka dubi ƙasar Kurfai, sai mu tarar ba ya nuna inda rayuwar talaka ta juya. A cikin wannan ɗan nazari za mu ɗauki al'amura uku da aka saba karantawa daban-daban, wato harin Firhun na 1916, ɓullowar Babule a 1925, da yunwar 1931. Ra'ayinmu shi ne cewa zamani guda ne, kuma abin da ya ɗaure su shi ne rumbun manomi: wa ke tsare shi, wa ke ɗiba daga cikinsa, kuma me ya rage a ciki ranar da damina ta ƙi.

1. Kurfai kafin 1916

Kurfai tana arewacin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Mutanenta, Kurfayawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Suje, manoman hatsi ne masu magana da Hausa, zaune tsakanin Zabarmawa da Abzinawan Imanan da Tagazar daga kudu, da manyan makiyayan Iwillimidan daga arewa. A ƙarni na 19 ba su da sarki guda da ke mulkin ƙasar duka kamar yadda ake da shi a Katsina ko Damagaram. Kowane gari yana da dattawansa da masu kula da tsafin ƙasa, idan kuwa hari ya taso sai a bi bayan mayaƙi, wanda ikonsa bai wuce lokacin yaƙi ba.

Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sun buƙaci mutum guda da za su riƙa tambaya lanho, wato harajin kai, da ƴan dako da dawaki. Suka sami Gado Namalaya, ɗaya daga cikin mayaƙan ƙasar, suka naɗa shi bisa kanton Kurfai. Ta haka sunan Mayaƙi, wanda dā aiki ne na ɗan lokaci, ya koma sarauta mai ɗorewa. A nan ne tushen abin da zai biyo baya, domin garuruwa da dama ba su ga dalilin da zai sa su yi mubaya'a ga wanda jiya tsaransu ne ba.

Kafin a saba da sabon tsarin sai yunwar 1913 zuwa 1914 ta faɗo, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, Zabarmawa kuma Gande Beri. Ke nan yaƙin Turai ya tarar da mutanen Dallol ba su gama farfaɗowa ba.

2. Yadda yaƙin duniya ya iso Filinge

Faransa ta kwashe sojoji da yawa daga Afirka ta Yamma zuwa fagen daga, barikokin bakin hamada suka yi sauƙin tsaro. A watan Nuwamba 1914 Sarkin Musulmin Istambul ya yi kiran jihadi, ƴan Sanusiyya kuma suka ƙarfafa a Fezzan. Cikin wannan yanayi ne Firhun, amenokal na Iwillimidan na yamma, ya tsere daga tsare shi da aka yi a Gawo a watan Fabrairu 1916. Ya tara mutanensa, ya tsananta wa barikin Menaka, sannan a watan Afrilu rundunarsa ta gangaro kan Filinge. Ba ta ci garin ba. A watan Mayu aka murƙushe ta a tafkin Andarambukan, a watan Yuni kuma aka kashe Firhun. Kafin shekarar ta ƙare Kawusan ya kewaye Agadas, daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917.

An fi karanta wannan labari a matsayin babi na gwagwarmaya da mulkin mallaka, kuma haka yake. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa mahayan Kurfai, ƙarƙashin Gado Namalaya, suka tsaya a gefen bariki? A ganinmu amsar tana cikin rumbu. Afrilu tsakiyar bazara ce, hatsin bara ya fara ja baya, shuka ba ta zo ba. Manomin da ya ga ƙurar raƙuma daga arewa bai ga mai ceto ba, abin da ya tuna shi ne hare-haren ƙarnin da ya shige, lokacin da ake kwashe hatsi da dabbobi da mutane. Bai yi yaƙi don Faransa ba, ya yi ne don abincin iyalinsa.

Sai dai ribar nasarar ba ta koma wurinsa ba. Bayan 1916 Mayaƙi ya zama amintaccen Nasara wanda ba a sauraron ƙara a kansa. Barazanar arewa ta kau, amma ikon da aka gina don tare ta bai ragu ba, sai ma ya juyo kan talakawa.

3. Babule: 1925 zuwa 1927

Shekarun da suka biyo bayan yaƙin sun ƙara wa manomi nauyi. A 1919 aka mai da ɗaukar soja abin kowace shekara a Afirka ta Yamma ta Faransa, ko da ba a yaƙi. A 1922 Nijar ta tashi daga yankin soja ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka da ake son ta ɗauki nauyin kanta, lanho kuwa da kuɗi ake biyansa. A 1926 aka maido da babban birni daga Zinder zuwa Yamai, ginin sabon birnin da hanyoyinsa ya ci ƙarfin samarin yamma ta hanyar aikin dole. Dukan waɗannan ta hannun sarkin kanto da dogaransa suke isa ƙofar gida.

A 1925, a garin Cikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawan mutane a wajen wasa. Wata mace mai suna Shibo da mahaifinta Ganji su ne kan gaba. Hausawa suka kira iskokin Babule saboda wasan da suke yi da wuta, Zabarmawa kuma suka ce Hauka, kalmar da suka ara daga Hausa. Waɗanda iskokin suka hau suna tafiya irin ta soja, suna sara wa juna, suna ba da umurni da wani harshe mai kama da Faransanci. Mabiyansu, galibi matasa, suka ƙi biyan lanho, suka ƙi aikin dole, suka ƙi bin Mayaƙi. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, aka kuma wulaƙanta su. Abin bai mutu ba, sai ma ya bazu zuwa Arewa ta Dogon Dutsi, shi kansa kumandan ya shiga jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. A 1927 aka fitar da shugabannin daga ƙasar, aka tsare su nesa da gida.

Duniya ta san Hauka ne ta fim ɗin Jean Rouch, Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Akra a 1954 tsakanin ƴan ci-rani. Daga nan aka fi kallon al'amarin a matsayin kwaikwayon Bature. Finn Fuglestad, a nazarinsa na 1975, ya maido da shi gida, ya nuna cewa tawaye ne ga sarautar da Nasara suka ɗora. Muna goyon bayan wannan karatu, muna kuma ƙara abu guda. Cikin manyan iskokin akwai Gwamnan Maliya da Istambula. Waɗannan sunaye ba daga Faransa suka zo ba, daga hanyar Makka da labaran yaƙin 1914 suka zo. Wato samarin 1925, waɗanda suna yara lokacin da aka kai wa Filinge hari, sun riƙe dukan ɓangarorin yaƙin a ransu, suka sa Bature da Baturke cikin runduna guda, suka fuskanci sarkinsu da ita.

4. Yunwar 1931

A 1930 fara ta cinye gonaki a yammacin Nijar, damina kuma ba ta yi kyau ba. Fara da fari ba baƙi ba ne a Dallol, kuma mutane suna da dabarunsu: ajiyar hatsin shekara biyu ko uku, musayar hatsi da dabba tsakaninsu da makiyaya, da noman sabuwar gona a daji. Amma shekaru goma na lanho da aikin dole sun rage ajiyar, sun kuma janye hannuwan noma. Faɗuwar kasuwannin duniya ta 1929 ta karya farashin dabbobi da fatu, har ya zamana sai an sayar da hatsi mai yawa kafin a haɗa kuɗin lanho. Hukuma ta ci gaba da karɓa, ba ta kawo agaji kan kari ba. Dubban mutane suka mutu a yammacin ƙasar, wasu dubbai suka tsallaka zuwa Nijeriya da ƙasar Gana ta yau. Binciken da aka aiko daga Faransa bayan abin ya faru ya ɗora wa masu mulkin ƙasar laifi mai yawa, daga baya kuma aka tilasta wa garuruwa rumbunan tsimi, waɗanda su ma a hannun sarakuna aka bar makullinsu.

Nan ne al'amuran uku suka haɗu. Rumbun da Bakurfaye ya tsare da mashi a 1916, shi ne wanda Babule suka ƙi a ɗiba a 1925, shi ne kuma aka tarar wayam a 1931. Ƴan ci-ranin da suka yawaita a Akra da Kumasi bayan yunwar su ne suka raya Hauka a can, har Rouch ya same ta.

Kammalawa

Muna ba da shawara a ɗauki 1913 zuwa 1932 a matsayin zamani guda a tarihin Kurfai, daga yunwa zuwa yunwa, a kuma rufe babin aikin dole da dokar Afrilu 1946 wadda ta soke shi. Wannan rabo zai ba ɗalibi damar haɗa rahoton kumandan da sunayen shekaru da mutane suka laƙaba, da kirarin iskoki, da tarihin kafuwar ƙauyuka. Waɗanda suka ga 1931 da idonsu sun kusa ƙarewa, don haka aikin da ke gabanmu shi ne sauraron ƴaƴansu da sake buɗe faya-fayan da aka naɗa a shekarun baya.

Maganar ba ta tsaya ga ajin tarihi ba. A 2012 ƴan gudun hijira daga Menaka da Andarambukan suka sauka a Abala, arewa da Filinge, a 2017 kuma aka sa yankin Abala cikin dokar ta-ɓaci. Hanyar da rundunar Firhun ta biyo ta sake zama hanyar tashin hankali. Abin da tarihin Kurfai ke tuna mana shi ne, duk lokacin da aka ƙara wa wani iko da sunan tsaro, ya kamata a tambayi wanda zai biya kuɗin, da kuma ranar da ikon zai koma inda aka aro shi.