Daga Madugu zuwa Direban Haya: Tarihin Jagorar Baƙi a Hanyar Gwanja

Jagorar baƙo a kan hanya tsohuwar sana'a ce a arewacin Gana, ta girmi mota da ɗaruruwan shekaru. Direban da a yau yake ɗaukar mata da miji a filin jirgin saman Tamale, ya kai su Yandi da Salaga, ya biyo da su ta Walewale har Bawku, sawun madugai yake bi, waɗanda suka riƙa jan ayarin fatake daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro. Abin da baƙo yake saye da kuɗinsa tun wancan zamani shi ne sanin hanya da sanin mutanen da ke bakin hanyar.

Goro ne ya buɗe wannan hanya. Irin wanda Hausawa suka fi so a kurmin Asante yake yi, ƙasar mutanen da fatake ke kira Tonawa, kuma ba ya yi a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15. A ƙarni na 18 Asante ta rinjayi Gwanja da Dagwamba, daga baya kuma sarakunan Kumasi suka hana fataken arewa shiga kurmi su sayi goro a gindin bishiya. Dole ke nan a sami wurin haɗuwa a bakin daji, kuma Salaga ce ta zama wurin, kusa da Kpembe inda sarkin yankin yake zaune. Gari ne mai ƙarancin ruwa, har ya yi suna da yawan rijiyoyinsa, amma a ƙarni na 19 babu kasuwar da ta kai ta a duk yankin kogin Bolta.

Hanya ba ɗaya ba ce. Wasu ayarin sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su faɗo Yandi, hedikwatar Dagwamba, sannan su gangara Salaga. Wasu kuma sukan yi arewa ta ƙasar Gurma, su shigo ta wajen Bawku, su hau tsaunin Gambaga a ƙasar Mamfurusi. Walewale tana kan hanyar da ta taso daga ƙasar Mosi, inda 'yan kasuwar Wagadugu ke gangarowa da jakuna da shanu da sawaye. Garin mahaɗa ne tun asali, kuma har yau haka yake: a nan titin Gambaga da Nalerigu ya rabu da babban titin Tamale zuwa Bolgatanga.

Manyan fataken goro na Kano daga zuriya uku suka fito, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Sukan tashi bayan ɗaukewar damina, lokacin da rafuka suka janye, da kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata da gabu, a bisa jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Zuwa kaɗai yakan ci watanni, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya kusa shekara bai ga gida ba.

Irin wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da shugaba, shi ne madugu uban tafiya. Ba sarki ke naɗa shi ba. Fatake ne ke taruwa a bayan mutumin da suka ga ya sha zuwa ya sha dawowa da dukiyar mutane lafiya. Shi ke sa ranar tashi, bayan malamin ayari ya duba ya yi addu'a. Shi ke zaɓen hanyar da za a bi bana, gwargwadon labarin da ya samu na inda ake yaƙi da inda mahara suka tare. In an isa ƙasar wani sarki, shi ke shiga fada ya yi gaisuwa, ya yi cinikin kuɗin fito da na wucewa, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. In rigima ta tashi tsakanin fatake, a gabansa ake yanke ta. In wani ya rasu a hanya, shi ke riƙe dukiyar mamacin har ya danƙa wa magada. Yana da mataimaka. Jagaba ne ke gaba, yana duba hanya yana neman zango mai ruwa da ciyawa. Uban dawaki yana taimakawa wajen tara kuɗin da za a biya da kai saƙo ga sarakuna. Madugu kansa sau da yawa a baya yake, inda gajiyayyu da masu ciwo suke, domin nan ɓarayi suka fi kai hari.

Jarin madugu na gaskiya a kansa yake. Ya san rafin da ke ƙafewa da wanda ba ya ƙafewa, ya san sarkin da ke son doki da wanda riga ta ishe shi, yana jin ɗan abin da zai gaisa da Bargawa da Gurmawa da Dagwamba. A dawowa kuma aikin ya fi wuya, don goro kaya ne mai rai. Sai an naɗe shi da ganye cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana kwancewa lokaci-lokaci ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya lalata saura. Jinkirin mako biyu a bakin kogi yana iya cinye ribar shekara.

In ayari ya sauka, aikin jagora ya koma hannun maigida, wato mai masauƙi. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ya yi masa tafinta. Da ɗan gari akan ci gari, kuma daga waɗannan gidajen baƙi ne unguwannin zango suka tsiro a Salaga da Yandi da Gambaga da Walewale da Bawku, kowace da limaminta da sarkin zangonta. Ta wannan hanya Hausa ta zama harshen kasuwa a ƙasashen da ba na Hausawa ba.

Turawan farko da suka ratsa waɗannan ƙasashe su ma da irin waɗannan mutane suka dogara. A 1826 Hugh Clapperton ya gamu da ayarin goro a Kayama, cikin Bargu, yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000 maza da mata, da dabbobi kusan haka, ya kuma yi yarjejeniya da shugabansu a kai masa kayansa Kano. Madugu Muhamman Mai Gashin Baki ya jagoranci Bajamushe Eduard Flegel zuwa Adamawa, har ya bi shi Barlin a 1884. Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya sauka Walewale a 1888 a kan hanyarsa daga Wagadugu, ya yi jinya a garin kafin ya wuce Salaga. Littattafan da suka biyo baya sunayen Turawan suke ɗauke da su, amma hanyar da aka ce sun gano, madugai sun daɗe da haddace ta.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba a wannan tarihi. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Dagwamba takan biya wa Asante haraji da mutane, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Zabarma ƙarƙashin Gazari da Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunshi suna kawo kamammu kasuwa. Fataken Hausa sun saya sun sayar, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar huhun goro zuwa Kano bayi ne. Sunan wurin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa, Wankan Bayi, da Hausa yake har yau, kuma wannan kaɗai ya isa shaida.

Faɗuwar Salaga ta zo mataki-mataki. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, Tonawa kuma suka karkatar da goronsu zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa kan sarautar Kpembe ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka watse zuwa Yeji da Kete-Karachi da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Karachi ya rasu a can a 1934. Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo a 1896, kuma yarjejeniyar 1899 ta sa Yandi a hannun Jamus, Salaga a hannun Ingila, aka gindaya iyaka a tsakiyar hanyar da ayari ya saba bi. Abin da ya ƙarasa ayarin ƙasa shi ne jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai ya fi sauƙi a loda goro a Akra ko Sekondi zuwa Ikko, daga nan a hau jirgi. Alhassan Ɗantata, ɗan Madugu Abdullahi na Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya.

Arewacin Gana bai taɓa samun dogo ba, saboda haka magajin madugu a nan direban babbar mota ne. Turawan Ingila sun mai da hedikwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, suka sa sarakuna su tara talakawa aikin tilas na share hanya. Wajen 1920 mota ta fara zuwa Tamale daga Kumasi, ta Atebubu, a ƙetare Bolta a Yeji, a bi ta Salaga, daga baya kuma titin ya miƙe ta Walewale zuwa Nabrongo da Bawku. Motoci masu bodin katako suka riƙa kwasar 'yan ci-rani zuwa gonakin koko da ma'adinan zinariya na kudu, su dawo da goro da gishiri da kananzir. Tsarin ayari bai ɓace ba, tasha ya koma. Yaron mota yakan yi shekaru yana loda kaya yana sa waigi kafin ubangidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari, kamar yadda ɗan fatake yakan fara da korar jaki. Tashoshi da yawa a gefen zango suka kafu, kuma Hausa ta ci gaba da zama harshen lodi da ciniki.

Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, ta sake juya taswirar. Tafkin Bolta ya haɗiye tsohuwar Kete-Karachi, mashigin Yeji ya zama tafiya mai nisa a jirgin fito zuwa Makango, babban titin arewa kuma ya koma ta Techiman da Kintampo da Buipe. Salaga ta koma gefe, Walewale kuwa ta ci riba, domin duk motar da za ta Burkina Faso ta Paga sai ta ratsa ta. 

Baƙon da ya zo don gani kawai sabon abu ne a wannan hanya. An mai da dajin Mole gandun daji na ƙasa a 1971, amma sai daga shekarun 1990, da bikin Panafest da aka fara a 1992, baƙaƙen fata na Amurka da Karebiyan suka fara wuce gidajen kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina suna neman inda aka kamo kakanninsu. Shekarar Dawowa Gida da gwamnatin Gana ta ayyana a 2019 ta ƙara yawansu. Wuraren kuwa a warwatse suke, motar haya ta gama-gari ba ta tashi sai ta cika, don haka mata da miji ko ƙaramin iyali sukan ɗauki mota da direbanta na kwanaki. Akan yi ciniki a kan kuɗin yini, a kuma fayyace wanda zai sayi mai da wanda zai biya wa direba abinci da makwanci.

Zagayen da aka fi yi yakan haɗa da giwayen Mole da tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, sai kasuwar bayi da rijiyoyin Salaga, sai kabarin Babatu da maƙabartar Jamusawa a Yandi. Daga Walewale akan leƙa ginin ƙasa na Zayaa a Wulugu, a shiga Nalerigu a ga ragowar ganuwar Na Jaringa da fadar Nayiri, sarkin Mamfurusi, ko a miƙe Paga wurin kadoji da sansanin bayi na Pikworo, ko Pusiga kusa da Bawku, garin da ake dangantawa da Na Gbewa, kakan sarakunan Mamfurusi da Dagwamba. A kowane wuri direba ne ke gaba. Shi ke gaya wa baƙo ya cire takalmi a ƙofar fada, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya tanadi kuɗin goro na gaisuwar sarki, wanda har yau da sunan goro ake kiransa ko da takardar sidi ce ke cikin ambulan. Shi ke sanin shingen jami'an tsaro, da lokacin da aka sa dokar hana fita a Bawku saboda rikicin sarauta, da titin da ruwa ya yanke.

Wani nauyi kuma ya hau kansa wanda bai hau kan madugu ba. Baƙin da ke kujerar baya tarihi suka zo ji, kuma yawancin abin da za su koma gida da shi a cikin mota suke jin sa, tsakanin wani gari da wani. Direban da ya taso a zango yakan san labarin goro daga bakin kakanninsa, amma labarin bayi ya fi wuyar faɗa, domin jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka saya unguwa ɗaya suke zaune, wasu ma sun zama dangi. Wanda ya iya aikinsa yakan kai baƙo wurin dattawa da masu kula da wuraren, ya yi tafinta tsakani da Allah, bai ƙara gishiri don a ƙara masa kyauta ba.

Lokacin aikin kuwa bai gusa daga na ayari ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da hunturu ya busar da ƙasa, hanyoyin da ba su da kwalta suke biyuwa, ciyawa ta kwanta, giwayen Mole kuma suke taruwa a bakin tafki inda za a gan su. Da ruwa ya sauka, kogin Nasiya da Farin Bolta suka cika suka malala a gonakin shinkafa, baƙi sukan ragu, direbobi da yawa kuma su koma jigilar fasinja tsakanin Walewale da Tamale har kaka ta zagayo.