Takardar Mafaka ko Takardar CEDEAO: Martani kan 'Yan Gudun Hijirar Bangi

Akwai ra'ayin da ya samu karɓuwa wajen wasu masu nazarin iyakar Nijar da Nijeriya, cewa ɗan Sabon Birni da 'yan bindiga suka koro zuwa Bangi, a gundumar Madawa, ba ya buƙatar jiran amsar neman mafaka. A cewarsu Bagobiri ne ya sauka wajen Bagobiri, kuma yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ba shi shiga ba biza har kwana 90, ƙarin da aka yi mata a 1986 ya ba shi damar zama. Don haka, in ji su, gara ya janye buƙatarsa ya zauna a matsayin ɗan ƙasar CEDEAO. A ganina wannan shawara ta raina abin da mutum ke saki idan ya yi wannan musanya.

Tushen doka sananne ne: yarjejeniyar Janeba ta 1951, ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, da dokar Nijar mai lamba 97-016 ta 1997. Girman lamarin ma ba a ɓoye yake ba. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta ce a Nuwamban 2021 kaɗai mutum sama da 11,500 suka tsallako daga jihar Sakkwato, akasarinsu suka sauka a ƙauyuka 26 na Bangi.

Bambancin takardun biyu yana wajen wanda ya tsaya wa mutum. Mai neman mafaka, tun kafin a amsa masa, sashe na 33 na yarjejeniyar Janeba ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Ɗan CEDEAO ba shi da wannan kariya, domin yarjejeniyar 1979 kanta ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ba ta yarda da shi ba. Kuma zamansa ya rataya ne a kan jituwar gwamnatoci. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun yi sanarwar barin zirga-zirga ba biza, amma sanarwa ce da mai ita ke iya janyewa ran da ya ga dama.

Hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi ita ce ta noma. Suna cewa 'yan gudun hijirar Bangi ba su yanke da gida ba: magidanci kan saci jiki ya duba gonarsa da damina, ya je jana'iza, ya dawo. Takardar mafaka, in ji su, tana mayar da wannan kai-komo abin zargi, alhali ta CEDEAO ta halatta shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ina jin an faɗaɗa ta. Sashe na 1C na yarjejeniyar Janeba yana janye matsayin wanda da son ransa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa ko ya sake kafa zama a can, kuma fassarar HCR ba ta ɗauki gajeriyar ziyara a matsayin komawa ba. Abin da fassarar ke ɗauka alamar komawa ƙarƙashin kariya shi ne karɓar fasfo daga hukumar ƙasarka, wanda kuwa irin takardar da zaman CEDEAO ke nema ke nan. Ashe shawarar tasu ce ta fi kusa da raunana buƙatar mutum.

Sukan kuma kawo misalin 'yan Saliyo da Laberiya, waɗanda aka ba fasfo da takardar zama a ƙasashen da suka karɓe su. Haka aka yi, sai dai bayan yaƙi ya ƙare ne, har aka rufe matsayin na Saliyo a ƙarshen 2008, na Laberiya a 2012. Gabashin Sakkwato bai kai nan ba.

Dole a nan in taƙaita da'awata. Nijar ta karɓi akasarin 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina a dunƙule, ba tare da tantance kowa ɗaya-ɗaya ba, saboda haka masu jiran hukuncin hukumar tantancewa ta ƙasa su ne 'yan kaɗan: waɗanda ba su shiga wancan rukuni ba, ko rajistarsu ba ta kammala ba. Ban kuma ce an kori wani daga Madawa don ya sauya takarda ba. Abin da hujja ta ɗauka shi ne cewa mai janye buƙatarsa yana sakin haƙƙin da doka ta tabbatar masa domin izinin da siyasa ke juyawa.

Mafita, a tawa fahimtar, ita ce a daina tilasta zaɓi. Wanda ya auri 'yar Buza ko Keita, ko ya kafa sana'a a kasuwar Madawa, a bar shi ya nemi takardar zama ko zama ɗan ƙasa, kamar yadda sashe na 34 na yarjejeniyar Janeba ya ƙarfafa, buƙatarsa ta mafaka kuma ta ci gaba da tafiya har sai sabuwar takardar ta shiga hannunsa.